Yadda Ake Cin Moriyar Tallafin Gwamnati Lokacin Kafa Ƙaramar Sana'a

Da an ambaci tallafin gwamnati, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne wayarsa ta yi ƙara, ya duba ya ga kuɗi sun shigo, kuɗin da ba wanda zai sake tambayarsa. Akwai irin wannan, amma shi ne mafi ƙaranci cikin abubuwan da gwamnatoci ke tanadar wa masu ƙananan sana'o'i, kuma ƙofarsa ce ta fi kowace cunkoso. Sauran ƙofofin, wato shawara kyauta, da horo, da tsaya wa mutum a banki, da sassaucin haraji, da kwangila, sau da yawa a buɗe suke ba mai shiga. Na sha ganin mutane sun yi dogon layi cikin rana saboda fom ɗin kyautar kuɗi, alhali a ofishin da ke gefe, inda za a zauna da su a gyara musu lissafin sana'a ba ko sisi, ma'aikaci na zaune shi kaɗai yana gyangyaɗi.

Don haka matakan nan a jere suke da gangan. Maganar kuɗi tana can ƙasa, domin wanda ya bi na sama shi ne yake isa gare ta da abin nunawa a hannu.

Mataki na farko: ka san abin da ya tsaya maka

Ɗauki takarda guda, ka rubuta abu uku: me za ka sayar, wa zai saya, me ya hana ka farawa gobe. Na ukun ne ke da wuya. Kusan kowa "rashin jari" yake rubutawa, kuma wannan ba amsa ba ce. Jarin me? Inji ne, ko hayar shago, ko kayan aiki na wata uku, ko lasisin da hukuma ke nema kafin ka kai kaya kasuwa? Kowanne da ofishin da ke kula da shi, wani ma ba kuɗi ne maganinsa ba.

Ka kwatanta mutum biyu a gaban ma'aikaci ɗaya. Na farko ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji an ce ana taimaka wa masu sana'a, shi ne na ce bari in zo." Ma'aikacin zai ce masa ya riƙa bibiya, in an buɗe za a sanar. Na biyu ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗinki nake yi da keke ɗaya. Wata makaranta ta ba ni aikin yunifom, amma ba zan iya gamawa cikin wa'adi ba sai da keke mai amfani da lantarki. Ga takardar farashinsa, ga takardar aikin." Wannan za a ce masa, "Malam, jawo kujera." Ba don ya fi na farko sa'a ba, sai don ya kawo matsalar da ke da suna.

Mataki na biyu: rarrabe ire-iren tallafin

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don a bakin jama'a komai "tallafi" ne. A takarda kuwa abubuwa ne daban-daban.

Akwai kyautar kuɗi wadda ba a biya. Ba ta da yawa, kuma yawanci gasa ce. Lokacin da Najeriya ta buɗe gasar YouWiN a 2011, kusan mutum 24,000 ne suka nema a zagayen farko, aka zaɓi 1,200, wato ɗaya cikin ashirin. Waɗanda suka ci ɗin ma ba a dunƙule aka ba su ba, kashi-kashi aka riƙa sakar musu, ana duba abin da suka yi da na baya. Hukumar kula da ƙananan sana'o'i ta Amurka, SBA, wadda aka kafa tun 1953, ta fito fili ta ce ba ta ba da kyautar kuɗi don fara kasuwanci. In ƙasar da ta fi kowa kuɗi ta faɗi haka, sai ka sassauta buri.

Akwai rance mai sauƙi. Shi bashi ne, za ka biya, sai dai kuɗin ruwansa bai kai na kasuwa ba, ko wa'adinsa ya fi tsawo, ko ba a neman jingina. A Birtaniya akwai shirin Start Up Loans tun 2012, ana ba da daga fam 500 zuwa 25,000, a biya cikin shekara ɗaya zuwa biyar, tare da mai ba da shawara kyauta na wata 12. A Indiya akwai shirin Mudra da aka fara a 2015, matakinsa na ƙasa ba ya wuce rupi 50,000, kuma an yi shi ne don masu ƙaramin ƙarfi.

Na uku shi ne wanda aka fi jahilta, kuma a ganina ya fi sauran amfani: gwamnati ta tsaya maka a banki. Ba ita ke ba ka kuɗin ba. Banki ne ke bayarwa, ita kuma ta yi alƙawarin in ka gaza za ta biya bankin wani kaso. A babban shirin rancen SBA, hukumar kan lamunce har kashi 85 cikin ɗari na bashin da bai wuce dala 150,000 ba, da kashi 75 na wanda ya haura haka. Indiya ta kafa irin wannan asusu tun 2000. Kusa da wannan akwai bankunan raya ƙasa da ba sa hulɗa da kai kai tsaye, sai ta hannun bankinka. Haka KfW na Jamus yake aiki, haka ma Bankin Raya Ƙasa na Najeriya, DBN, da ya fara aiki a 2017. Ke nan in ka wanke ƙafa ka tafi hedikwatarsu neman rance, ɓata tafiya ka yi. Tambayar da za ka yi ita ce: waɗanne bankuna ne ke cikin shirin? Sai ka nufi ɗayansu.

A kula da wani abu a nan. Lamuncewar gwamnati banki take karewa, ba kai ba. In ka ci 1,000 ka kasa biya, gwamnati ta ba banki 750, bashin bai sauka daga wuyanka ba. Za a bi ka, sunanka kuma zai shiga kundin waɗanda ba sa biyan bashi, kundin da duk wani banki zai duba gobe.

Sai tallafin da ba na kuɗi ba: horo, mai ba da shawara, wurin aiki mai arha a cibiyar renon sana'o'i, rumfa a baje koli, gwajin ingancin kaya. Sai sassaucin haraji. Sai kwangilar gwamnati, wadda zan dawo kanta.

Mataki na uku: nemo ofishin gaskiya, ka je da ƙafarka

Kusan kowace ƙasa tana da hukuma guda da aka ɗora wa alhakin ƙananan sana'o'i. Amurka na da SBA, Najeriya na da SMEDAN wadda dokarta ta fito a 2003, Ghana na da Hukumar Kula da Sana'o'i mai ofisoshin ba da shawara a gundumomi, Brazil na da Sebrae. Daga nan ake farawa. Amma kada ka tsaya a gwamnatin tsakiya. Jiha ko lardi, da ƙaramar hukuma, sukan sami nasu shirin, kuma masu nemansa ba su kai yawan na ƙasa baki ɗaya ba. Ma'aikatun gona, da na mata, da na matasa, da na ciniki su ma kowace da nata. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta yankinka da ƙungiyar masu sana'arka sukan ji labarin shiri kafin ya fito a jarida.

Fara da shafinsu na intanet, ka duba ƙarshen adireshin. Shafukan gwamnati suna da alama: gov a Amurka, gov.uk a Birtaniya, gov.ng a Najeriya, gouv.fr a Faransa, go.ke a Kenya. Bayan ka karanta, ka je. Zuwa da kai ya fi aike. Shafi zai gaya maka shiri yana nan, amma mutumin da ke kan tebur ne zai gaya maka kuɗin bana sun ƙare, ko za a buɗe sabon zagaye bayan an sa hannu a kasafin kuɗi. Ka tafi da littafi, ka rubuta sunan sashen da ranar da ka je. Tambayoyinka kada su wuce waɗannan: wa ya cancanta, waɗanne takardu ake so, yaushe ake rufewa, kyauta ce ko bashi, tsawon wane lokaci ake ɗauka kafin a ba da amsa, kuma wane kuskure ne ya fi sa a yi watsi da takardun mutane. Ta ƙarshen nan ma'aikata na jin daɗin amsa ta, don su ma sun gaji da ganin kuskure iri ɗaya.

Dole in tsaya kan 'yan damfara, domin duk inda aka ce tallafi suna nan. Salonsu bai cika canzawa ba. Saƙo ne zai shigo ta WhatsApp ko Facebook da tambarin gwamnati, a ce an zaɓe ka, alhali ba ka nemi komai ba. A ce saura awa 24 a rufe. A ce ka tura ɗan abin rajista, ko ka faɗi lambar sirrin da aka turo maka a waya. Ko kuma wani ya tare ka a bakin ofis ya ce yana da hanya a ciki, a ba shi kashi goma in kuɗi sun fito. Hukumar gaskiya ba ta tambayar lambar sirrin katinka, ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum, kuma in akwai kuɗin da doka ta ce a biya, a rubuce yake, ana kuma ba da rasit. A Indiya rajistar Udyam ta ƙananan sana'o'i, wadda aka fara a 2020, kyauta ce, amma duk da haka shafukan bogi sun yi ta karɓar kuɗin mutane a kanta. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Wanda ya ba dillali cin hanci kuma ya sani cewa shi ma ya shiga laifin, ba shi da bakin kai ƙara.

Mataki na huɗu: rajista da takardu

Gwamnati ba ta tallafa wa abin da ba ta san da shi ba. Da yawa suna gudun rajista don tsoron haraji, suna mantawa cewa a ƙasashe da dama an ware wa mai ƙaramin ciniki tsari mai sauƙi. A ƙasashen Afirka 17 da ke bin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da ake kira OHADA, ciki har da Nijar da Kamaru da Chadi da Benin, tun gyaran dokar 2010 akwai matsayin ƙaramin ɗan kasuwa wanda sanar da hukuma kawai zai yi, ba sai ya bi doguwar hanyar kafa kamfani ba. Brazil ta fito da tsarin MEI a 2009, inda mai sana'a ke biyan abu guda tsayayye a wata, ya haɗa harajinsa da inshorar tsufansa. A Birtaniya ba dole ba ne ka yi rajistar harajin VAT sai cinikinka na shekara ya haura fam 90,000. Ka tambayi irin wannan iyaka a ƙasarka, mai yiwuwa kana ƙasa da ita nesa ba kusa ba.

Za ka zaɓi tsakanin rajistar sunan kasuwanci da kafa kamfani. Na farko ya fi arha da sauri, amma kai da sana'ar abu ɗaya ne a gaban doka, bashinta bashinka ne. Kamfani yana raba dukiyarka da tasa, sai dai yana da ɗawainiyar kai rahoto duk shekara. Mai farawa shi kaɗai, yawanci na farkon ya ishe shi, sai fa in shirin da yake nema ya ce lallai kamfani.

Bayan rajista sai lambar haraji, sai asusun banki da sunan sana'ar. Wannan asusun kada ka raina shi. Duk cinikin da ka yi, ko na hannu ne, ka zuba a ciki kafin ka taɓa. Bayan wata shida takardar bayanin asusun za ta yi maka magana fiye da bakinka. Wanda ke haɗa kuɗin shago da na gida a aljihu ɗaya, ko da yana ciniki sosai, ba shi da hujja.

Sannan ka tabbata sunanka iri ɗaya ne a ko'ina. Ni kaina na taɓa rasa zagaye guda na wani shiri saboda harafi ɗaya: yadda aka rubuta sunana a katin shaida daban da yadda yake a banki. Ba wanda ya kira ni. Sai da na gaji da jira na je ofishin, wata ma'aikaciya ta jawo fayil ɗin, ta ɗora yatsa a kan harafin ta ce, "Malam, kwamfuta ba ta san kai ne ba." Gyaran ya ci mako uku, wa'adi kuwa ya riga ya wuce. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba sunan, da ranar haihuwa, da adireshi tun yau, ka yi kwafin kowace takarda, ka kuma ɗauki hotonsu ka adana a waya.

Ka san girman da hukuma ke kiran sana'arka da shi, don shirye-shirye da shi suke tantancewa. A Tarayyar Turai, misali, mai ma'aikata ƙasa da 10 shi ne mafi ƙanƙanta, ƙasa da 50 ƙarami, ƙasa da 250 matsakaici. Kowace ƙasa da nata ma'auni.

Mataki na biyar: karɓi shawara da horo kafin kuɗi

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne mafi arha. A Amurka ƙungiyar SCORE tun 1964 take haɗa masu farawa da tsofaffin 'yan kasuwa da ke ba da shawara kyauta, ga kuma cibiyoyin raya ƙananan sana'o'i kusan dubu, da yawansu a harabar jami'o'i. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tana da manhajar koyar da fara sana'a da inganta ta, wadda ake amfani da ita a ƙasashe sama da 100, sau da yawa ta hannun hukumomin gwamnati.

Ba zan ce duk horon yana da amfani ba. Wani zaman kashe lokaci ne, a karanta muku allo, a raba satifiket, a watse. Amma ko irin wannan yana da riba biyu: satifiket ɗin kan zama sharaɗin neman rance, kuma a nan za ka haɗu da waɗanda suka riga ka shiga shirin, su gaya maka abin da ba a rubuta ba. Wanda ya fi amfani shi ne zama na mutum biyu, kai da mai ba da shawara. Ka je da littafin cinikinka, ka bar shi ya caccake shi. In ya ce farashinka bai rufe kuɗin da kake kashewa ba, kada ka ji haushi. Gwano ba ya jin warin jikinsa, kuma gara shi ya faɗa da ma'aikacin banki ya gani.

Mataki na shida: tsarin kasuwanci da lissafin biya

Kusan kowane shiri zai nemi rubutaccen tsarin kasuwanci. Kada ka sayi wanda wani ya rubuta, kada ka kwafo daga intanet. Masu tantancewa sun karanta irinsa sau ɗari, kuma ranar ganawa tambaya ɗaya za ta tona ka. Shafi biyar da ka fahimta sun fi talatin da ba ka san abin da ke ciki ba. Ka faɗi abin da kake sayarwa, da masu saye, da waɗanda ke sayar da irinsa kusa da kai, da dalilin da za a bar su a zo gare ka. Ka lissafa abin da za ka saya da kuɗin, kowanne da takardar farashi daga mai sayarwa. Ka nuna abin da kai ka zuba, ko keken da kake da shi ne, ko ajiyarka. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma shirye-shirye da dama sun mai da wannan sharaɗi: kai ka kawo wani kaso, su cika.

Zuciyar takardar ita ce lissafin shige da ficen kuɗi wata-wata na shekara guda. Bari mu yi misali da telan nan mai neman keken lantarki na mataki na farko, da kowane irin kuɗi kake lissafi. A ce keken 1,000 ne, rancen na shekara biyu, kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara. In ana lissafa ruwan a kan uwar kuɗin gaba ɗaya har ƙarshe, zai biya 240 a kai, jimla 1,240, kusan 52 ke nan duk wata. In kuwa ana lissafawa a kan abin da ya rage bayan kowane biya, abin da zai biya a wata kusan 47 ne, ruwan duka bai wuce 130 ba. Kashi 12 ne a baki duka biyun, amma ɗaya ya kusa ninka ɗaya. Ka tambaya wanne ne naka. Yanzu a ce ribarsa a kowace riga 4 ce. Riga 13 na farko a kowane wata na banki ne, kafin ya biya haya, kafin ya ci. A watan da makarantu ke hutu fa, zai ɗinka 13 ɗin? In amsar ita ce a'a, ko ya rage rancen, ko ya nemi a daidaita biyan da lokacin ciniki.

Wanda ba ya son mu'amala da kuɗin ruwa ya tambaya tun farko ko shirin yana da ɓangaren da ba ruwa, inda banki ke sayen injin ya sayar maka da riba sananniya a biya sannu a hankali, ko ya ba ka hayarsa har ya zama naka. A nan ma ka lissafa jimlar abin da za ka biya.

Maganar jingina kuwa, ba fili da gida kaɗai ake karɓa ba yanzu. Ƙasashe da yawa sun buɗe rajistar kadarorin da ake iya ɗauka, kamar inji, da mota, da dabbobi, da kayan da ke cikin sito. Ghana ta buɗe tata a 2010, Najeriya a 2016. Ba kowane banki ke murna da irin wannan jingina ba, amma tambaya ba ta cin kuɗi. Wata hanyar ita ce shiga ƙungiyar gama kai mai rajista, inda 'yan ƙungiya ke tsaya wa juna. Ka dai san waɗanda za ka haɗa wuya da su, don in ɗaya ya gudu, ku za a kama.

Mataki na bakwai: cike fom

Karanta sharuɗɗan cancanta sau biyu. In an ce mai shekara 18 zuwa 35, ko sana'ar da ba ta wuce shekara uku ba, ko mata kaɗai, kada ka yi dabara. Ƙarya a fom ɗin gwamnati laifi ne, kuma bayan rancen da aka raba lokacin korona, Amurka da Birtaniya sun gurfanar da mutane da dama a kotu saboda alƙaluman da suka ƙirƙira. Amsa abin da aka tambaya da irin kalmomin shirin: in manufarsa samar da aikin yi ce, faɗi mutum nawa za ka ɗauka da kuma yaushe. Kada ka bar gurbi ba komai. Ka miƙa kwana biyu ko uku kafin wa'adi, domin ranar ƙarshe shafi kan cushe. Ka ajiye lambar shaidar miƙawa.

Daga nan sai haƙuri. Aikin gwamnati yana da nawa, wata uku ko shida ba abin mamaki ba ne. Kada ka kama hayar shago ko ka bar aikinka don an ce sunanka ya fito. Sai ka ga kuɗi a asusu. Ka ci gaba da sana'ar da abin da ke hannunka, kana leƙawa ofis jefi-jefi cikin ladabi.

Mataki na takwas: karanta yarjejeniya kafin sa hannu

Ranar da aka kira ka, murna kan hana karatu. Ka nemi kwafi ka tafi da shi gida, ko ka kai wa mai ba ka shawara. Duba da sunan wa bashin yake. Rancen Start Up Loans na Birtaniya, misali, da sunan mutum ake bayarwa ba da sunan kasuwancinsa ba, ko shago ya rufe shi zai biya. Duba ko akwai watannin sarari kafin a fara biya, da ko ruwa na taruwa a cikinsu. Duba kuɗaɗen da za a zare tun kafin ka karɓa, na aikin takardu da na inshora. Duba tarar makara, da ko akwai tara in ka biya da wuri. In kyauta ce, duba abin da aka hana saye da ita, da ko sai ka kashe naka tukuna a mayar maka in ka kawo rasit, don wasu shirye-shiryen haka suke, kuma wanda bai sani ba yakan tsinci kansa a tsaka mai wuya.

Mataki na tara: bayan kuɗi sun shigo

Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ka sayi abin da ka rubuta za ka saya. Za a sami matsin lamba daga 'yan'uwa da abokai da suka ji labari, za a sami larurar da ke kama da ta gaggawa. Maganin wannan shi ne kuɗin kada su kwana: tura wa mai injin kai tsaye daga asusun, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin. In dole ta sa za ka canza abin saye, rubuta wa hukumar, ka jira amsarta a rubuce. Masu sa ido sukan zo ba sanarwa, su ce a nuna musu kayan. In ka ga wata zai yi maka wuyar biya, je banki kafin ranar, ba bayanta ba. Wanda ya zo da kansa ana iya sake tsara masa biya, wanda ya kashe waya kuwa sai a aika masa takarda.

Ƙaramin rancen da aka biya daidai shi ke buɗe babba. Shirin Mudra ma a kan haka aka gina shi, hawa-hawa.

Yanzu ga maganar kwangilar da na ce zan dawo kanta. Gwamnati ita ce babbar mai saye a kusan kowace ƙasa, tana sayen kujeru, da yunifom, da takardu, tana ba da aikin gyara da shara. Wasu ƙasashen sun ware wa ƙanana kasonsu. Gwamnatin tarayyar Amurka ta sa wa kanta burin ba su kashi 23 cikin ɗari na kwangilolinta, Indiya kashi 25 na sayayyar ma'aikatun gwamnatin tsakiya, Kenya kuma ta ware kashi 30 ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman. Takardun da ka riga ka haɗa, na rajista da haraji da banki, su ne dai ake nema don shiga jerin masu kawo kaya. Fara da ƙaramin aiki, kuma kada ka karɓi wanda in an yi jinkirin biyanka wata shida zai durƙusar da kai, don jinkirin biya halin gwamnatoci ne da yawa.

In kuma an ƙi ka, koma ofishin ka tambayi dalili, cikin sanyin murya: "Hajiya, don Allah a nuna mini inda na gaza, in gyara kafin zagaye na gaba." Wani lokaci za a ce bayanin asusunka na wata biyu ne kawai, ana son na shida. Wani lokaci lissafinka ne ya yi daɗin baki da yawa. Wani lokaci kuwa ba laifinka, kuɗin ne suka ƙare kafin a iso kanka. Rubuta abin da aka faɗa a littafin nan naka, ƙarƙashin ranar, ka tambayi watan da za a sake buɗewa, ka sa wa wayarka tunatarwa mako huɗu kafin lokacin.